Sarrafa wasannin waya da taɓi

Sarrafa wasa da taɓi shi ne tsarin da mai wasa ke bi ya ba wasan waya umarni ta hanyar ɗora yatsa a kan gilashin wayar, maimakon danna maɓallai na zahiri. Ya ƙunshi maɓallan da ake zanawa a fuskar waya, da sandar tuƙi ta hoto, da motsin yatsa irin su dangwalawa, shafawa, ja da dannewa. Tsara shi wani reshe ne na aikin ƙirƙirar wasannin bidiyo, waɗanda matasa suka fi sani da gem. Babbar matsalar aikin ita ce wasa ɗaya ake rubutawa, amma wayoyin da za a buga shi a kansu sun sha bamban a girma, da sauri, da ingancin gilashi, da yawan yatsun da suke iya ganewa a lokaci guda. A shekarar 2015 kamfanin OpenSignal ya ƙirga nau'o'in na'urorin Android 24,093 a hannun jama'a.

Wannan bambanci ya fi fitowa fili a wuraren da aka fi amfani da wayoyi masu sauƙin kuɗi, da na sakan, da waɗanda aka yi wa gyara. Ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina misali ne na irin waɗannan wurare.

Tarihi

Wasannin farko na wayar salula da maɓallan lamba ake buga su. Wanda ya fi shahara shi ne Snake, wasan macijin da Taneli Armanto ya rubuta wa wayar Nokia 6110 a 1997, inda lamba 2, 4, 6 da 8 ke juya macijin sama, hagu, dama da ƙasa. Da sabis ɗin GSM ya shigo Najeriya a watan Agusta 2001, irin wannan wasa ne mutane da yawa suka fara sani.

Gilashin taɓi ya girmi wayar salula. Injiniya E. A. Johnson na Ingila ya bayyana shi a rubuce tun 1965, kuma wayar IBM Simon ta 1994 tana da shi. Sai dai bai zama ruwan dare ba sai bayan fitowar iPhone a 2007 da wayar Android ta farko, HTC Dream, a 2008. Masu wasanni sun fara da kwaikwayon na'urorin gem na gida, suna zana kibiyoyi huɗu da maɓallai a kan gilashi. Wasannin da suka yi nasara daga baya su ne waɗanda aka gina a kan motsin yatsa tun daga tushe: Angry Birds na 2009, inda ake ja da saki kamar gwafa, Fruit Ninja na 2010, inda ake yanka da shafa, sai Temple Run na 2011 da Subway Surfers na 2012, inda shafa ɗaya sama ko gefe ke sa ɗan tseren ya yi tsalle ko ya kauce. Wasannin harbi irin su Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018 sun dawo da cunkoson maɓallai, tare da ba mai wasa damar jera su yadda yake so.

Yadda gilashi ke jin yatsa

Gilashin taɓi iri biyu ne suka fi yawa a wayoyi. Na farko mai jin danni ne: shimfiɗu biyu ne da ɗan sarari a tsakaninsu, idan aka danna sai su haɗu. Shi ne a yawancin wayoyin Chana masu eriya da ɗan tsinken dannawa da aka yi yayi a ƙarshen shekarun 2000. Yana karɓar farce ko tsinke, amma galibi wuri ɗaya yake ganewa a lokaci guda.

Na biyu, wanda ke kusan duk wayoyin shafa na yanzu, mai jin lantarki ne. A ƙarƙashin gilashin akwai ragar siraran layuka masu ɗauke da ɗan cajin lantarki. Jikin mutum yana ɗaukar lantarki, don haka idan yatsa ya kusanto sai cajin wurin ya canza, wata 'yar na'ura ta auna canjin ta lissafa tsakiyar inda aka taɓa. Abu biyu ne ke biyo bayan wannan. Na ɗaya, wayar ba ƙarfin danni take ji ba, shi ya sa ƙara ƙarfi ba ya gyara maɓallin da ya ƙi amsawa. Na biyu, duk abin da ya taɓa wannan awon na lantarki zai taɓa wasan: busasshiyar fata, gumi, ɗigon ruwa, gilashin kariya mai kauri, ko caja mara inganci.

Girman maɓalli

Kuskuren da ya fi yawa ga sabbin masu rubuta wasa shi ne auna maɓalli da fiksil, wato ƙananan ɗigon hasken da ke haɗa hoto. Fiksil ba shi da tsayayyen girma. Waya mai inci 5 da ɗigo 480 a 854 tana da kimanin ɗigo 196 a kowane inci. Mai inci 6.5 da ɗigo 720 a 1600 tana da kimanin 270. Mai girma ɗaya da ita amma da ɗigo 1080 a 2400 tana da kimanin 405. Maɓallin da aka ba faɗin fiksil 100 zai zama milimita 13 a ta farko, 9.4 a ta biyu, 6.3 a ta uku, alhali yatsan mai wasa girmansa ɗaya a duk ukun.

Don haka Android ta fito da ma'aunin dp, wanda ɗaya daga cikinsa daidai yake da fiksil ɗaya a gilashi mai ɗigo 160 a inci. Google na ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza dp 48 a kowane gefe, Apple kuma ta ce ɗigo 44 a nata ma'aunin. Binciken da Pekka Parhi da Amy Karlson da Benjamin Bederson suka gabatar a 2006 ya nuna cewa mai danna abu da babban yatsa da hannu ɗaya yana buƙatar wuri mai faɗin kimanin milimita 9.2 kafin kuskurensa ya ragu. Duk waɗannan suna komawa ga dokar da Paul Fitts ya fitar a 1954, cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu yana ƙaruwa da nisansa, yana raguwa da girmansa.

Wasannin dandali da aka saba da su a ƙasar Hausa suna nuna lissafin sarai. Gilashin waya mai inci 6.5 na dogon ƙira faɗinsa kimanin milimita 68 ne idan an riƙe ta a tsaye. Dara mai gurabu 5 a 6 ko 6 a 7 tana shiga wannan fili ba tare da matsi ba, domin kowane gurbi zai samu milimita 11 ko sama da haka idan aka jera gajeren gefen a faɗin waya. Diraf mai gidaje 10 a 10 kuwa kowane gida milimita 6.8 ne, ya riga ya gaza abin da ake so. Lido ya fi tsanani: allonsa gidaje 15 ne a 15, kowanne kimanin milimita 4.5, rabin abin da babban yatsa ke buƙata. Shi ya sa manhajojin lido da yawa ba sa jiran a taɓa gidan da za a sauka. Ɗan kawai ake taɓawa, wasan ya ƙirga gidajen da kansa, kuma idan ɗa ɗaya ne ke da ikon tafiya sai ya tafi ba a taɓa komai ba.

Dabarar da ke bayan wannan ita ce raba hoton maɓalli da wurin da yake ji. Ana iya zana ƙaramin ɗa a allo amma a ba shi da'irar ji wadda ta ninka shi, idan kuma taɓi ya faɗa tsakanin abu biyu sai a ba wanda ya fi kusa, ko wanda doka ta yarda ya motsa. A wasan wot, irin Whot King na kamfanin Maliyo Games da ke Legas, matsalar takan taso idan katunan hannu suka taru bayan an ci bashi: ko dai a ƙanƙanta su, ko a bar su su hau juna, ko a sa a riƙa jan su gefe.

Siffar gilashi ma ta canza. Daga 16:9 aka koma 18:9 a wajajen 2017, yanzu 20:9 ta fi yawa. Ga kuma gurbin kyamara da lanƙwasar kusurwa da ke cinye gefe. Tun Android 10 ta 2019, shafa daga bakin gilashi na iya nufin komawa baya, abin da kan yi karo da sandar tuƙin da aka manna a can gefe. Mafita ita ce a ɗaure kowane maɓalli da kusurwar da ta fi kusa da shi, a bar ɗan tazara daga baki, kada a auna matsayinsa daga tsakiyar fuska.

Yawan yatsu da jinkiri

Android ta kasa gilasai gida uku dangane da yatsu: mai gane yatsu biyu sama-sama don buɗawa da tsuke hoto, mai bin yatsu biyu kowanne daban, da mai bin biyar ko fiye. Wasan ƙwallo irin Dream League Soccer yatsu biyu yake buƙata, babban yatsan hagu a sandar tuƙi, na dama a maɓallai uku. Gwanayen Free Fire da PUBG Mobile kuwa sukan yi wasa da yatsu uku ko huɗu, su yi gudu, su juya kallo, su yi harbi a lokaci guda. A wayar da ke bin yatsu biyu kacal, yatsa na uku ko dai a yi biris da shi ko ya sa ɗaya daga cikin na farko ya yanke, kuma mai wasa yakan ɗauka hannunsa ne bai iya ba.

Jinkiri shi ne tazarar da ke tsakanin taɓi da ganin sakamakonsa, ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Yana taruwa ne daga matakai: gilashi ya karanta yatsa, tsarin waya ya miƙa wa wasa, wasa ya lissafa, sannan a zana sabon hoto. Gilashin da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana ɗaukar milisakan 16.7 a kowane hoto, mai sau 120 kuma 8.3. Idan waya ta gaza, wasa ya sauko hoto 30 a daƙiƙa, kowanne ya koma milisakan 33. Wani bincike da aka gabatar a 2012 tare da masanan Microsoft ya nuna cewa na'urorin lokacin suna jinkirin milisakan 50 zuwa 200, kuma mutane suna lura da jinkirin da bai kai 10 ba idan suna jan abu da yatsa.

Masu tsara wasa ba za su iya ƙara wa waya sauri ba, amma suna iya yi wa mai ita afuwa. Akan karɓi tsallen da aka danna jim kaɗan kafin ƙafa ta sauka ko jim kaɗan bayan ta bar tudu. Akan auna lokaci da agogo maimakon ƙirga hotuna, don kada wasa ya yi nauyi a ƙaramar waya. Wasannin harbi suna ɗan jawo saiti zuwa ga abokin gaba. Sandar tuƙi mai yawo, wadda ke bayyana duk inda babban yatsa ya sauka a ɓangaren hagu, ta fi kafaffiya dacewa da wayoyi mabambanta, domin gilashi ba shi da tudu ko rami da yatsa zai lalubo ba tare da ido ba.

Ba kowace waya ke da na'urar jin juyi ba. Wayoyi masu araha da yawa suna da mai jin karkata kaɗai, saboda haka wasan tseren mota ko na harbi da ya dogara da juya waya dole ya tanadi maɓallai a madadi.

A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ƙananan hukumomin uku mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma a ƙidayar 2006 jimillar mutanensu ta haura rabin miliyan. Yanki ne na noma da kiwo, mai manyan kasuwanni irin ta Sheme a Faskari. Wayoyi da kayan gyaransu sukan shigo ne daga manyan garuruwan kusa, Funtuwa da Malumfashi, da kuma kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Kamar sauran sassan Najeriya, Tecno, itel da Infinix ne suka fi yawa, dukkansu na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin. Masu araha daga cikinsu suna amfani da Android Go, wadda Google ta ƙaddamar a 2017 don wayoyi masu ram giga 1 ko ƙasa da haka, daga baya aka ɗaga iyakar zuwa giga 2. Ƙananan wayoyi masu maɓalli, waɗanda ake yi wa laƙabi da rakani-kashi, har yanzu suna nan da yawa, musamman a ƙauyuka.

Abin da ke rubuce a kwalin waya ba shi ne halin da take ciki bayan shekara biyu ba. Gilashin da ya fashe yakan bar wani layi ko kusurwa da ba ta ji, kuma idan maɓallin harbi ko na bugun ƙwallo ya faɗa daidai wurin, wasan ya mutu ga mai wayar, sai fa in akwai damar matsar da shi. Idan aka canza sikirin, sau da yawa kwafi ake sawa saboda sauƙin kuɗi, wanda kan yi ƙasa da na asali wajen jin gefe da bin yatsu da yawa. Wannan ne ya sa damar jera maɓallai, wadda a wasu wurare ake ɗauka kayan gwanaye ce, a nan takan zama hanyar da ta rage a ci gaba da wasa. Ita ce kuma ke taimakon bahago, wanda yawancin wasanni suka manta da shi.

Yanayi ma yana da nasa tasiri. Da hunturu fata takan bushe ta yi kaushi, hannun mai noma ko mai aikin ƙarfi kuma yakan yi kanta, dukansu suna rage yadda gilashi ke jin yatsa, musamman taɓi mai sauri. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan doshi digiri 40. Waya mai zafi takan rage wa kanta sauri don kare injinta, hotuna su fara tsalle, gumi kuma ya sa gilashi ya ga taɓin da ba a yi ba.

Sai batun caji. Inda wuta ba ta wadata, mutane da yawa suna kai waya shagon caji mai janareta ko sola, wasu kuma su yi wasa tana jone da caja. Caja mara inganci tana shigar da hayaniyar lantarki cikin waya, gilashi ya riƙa danna kansa ko ya ƙi bin yatsa, abin da wasu ke dangantawa da lalacewar wayar alhali cire cajar kan magance shi. Tsarin tattalin batir kuma yana rage saurin waya da gangan. Wasan da aka gwada a cikakken caji cikin ɗaki mai sanyi bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai jinkiri na daban wanda ba na gilashi ba ne, shi ne na sabis. A wasan da ake bugawa da wasu ta intanet, umarni sai ya je na'urar kamfani ya dawo, kuma inda sabis ke rawa mai wasa ba ya iya bambance laifin yatsa da na hanya. Kyakkyawan tsari yakan nuna alamar taɓi nan take, ko da amsar ba ta iso ba. A watan Satumba 2021, lokacin gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da waɗannan uku, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wasu sassan jihar. Sabis bai dawo ba sai bayan watanni. Asarar wasa ƙarama ce a kan ta kasuwanci da zumunci da neman agaji, amma lamarin ya raba wasanni gida biyu: waɗanda ke buɗewa ba tare da data ba, ana kuma iya tura su daga waya zuwa waya ta Xender, da waɗanda ba sa wuce shafin farko sai sun gaisa da intanet.

Waya ɗaya a yankin takan ratsa hannaye da yawa, daga yaya zuwa ƙane zuwa aboki. Lido da wot da mutum biyu zuwa huɗu ke bugawa a waya ɗaya sun dace da wannan, kuma suna buƙatar maɓallan da za a iya kaiwa daga kowane gefe idan an ajiye wayar a tabarma.

Harshe da alamomi

Mafi yawan wasannin da ake bugawa ba su da fassarar Hausa, kuma masu buga su da dama ba sa karanta Turancin da ke cikin darasin farko. Ana koyo ne da kallon wani da kuma gwaji. Don haka hoton hannu mai motsi da ke nuna inda za a shafa ya fi jimlar bayani amfani.

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan aiki ba, har ma ta fi rarrabe su. Dangwala taɓi ne gajere da kan yatsa. Danna ya ƙunshi ɗan nauyi, danne kuma yana nuna a ci gaba da riƙewa, bambancin da wasalin ƙarshe kaɗai ya ɗauke. Shafa wucewa ce a kan fuska, ja kuwa tafiya ce da wani abu daga wuri zuwa wuri. Waɗannan sun yi daidai da rabe-raben da Android ke yi a ciki: idan yatsa ya gusa fiye da kimanin dp 8 ta ɗauke shi ja, idan ya zauna kimanin rabin daƙiƙa ta ɗauke shi dannewa. Fassarar da ke mayar da duk waɗannan "taɓa" ko "latsa" tana zubar da bayanin da harshen ya riga ya tanada. Mai fassara sai kuma ya duba ko salon rubutun wasan yana da ɓ, ɗ da ƙ, domin da yawa ba su da su, sai akwatin banza ya fito a gurbinsu.

Gwaji

Kamfanoni suna gwada wasa a wayoyi na gaske, nasu ko na haya ta intanet irin na Firebase Test Lab. Irin wannan gwaji yana kama matsalar girman fuska da ƙarancin ram, amma ba ya kama fasasshen gilashi, ko sikirin kwafi, ko zafin rana. Waɗannan sai an miƙa wasan ga masu irin wayoyin, an tsaya ana kallon inda yatsunsu ke sauka.

Mai waya ma yana iya gwada tasa. A saitin Android, idan aka dangwala lambar ginin manhaja sau bakwai, sashen masu rubuta manhaja zai buɗe. A cikinsa akwai zaɓin da ke nuna matsayin yatsa: yana zana layi a duk inda aka bi, yana kuma ƙirga yatsun da gilashi ke gani a saman fuska. Idan aka ja yatsa a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa, duk inda layin ya yanke nan ne gilashin ba ya ji. Idan aka ɗora yatsu ɗaya bayan ɗaya, lambar da ƙirgen ya tsaya a kai ita ce iyakar wayar.